Ko Kun Sani? Daɗewar Zama ce ke Raba Karin Harshe a Kanada

Tsakanin Toronto da Vancouver akwai tafiyar fiye da kilomita 3,000, amma da wuya kunne ya raba Turancin mutanen biranen biyu. Dukkansu suna fitar da harafin r a ƙarshen kalma kamar Amurkawa, kuma ba sa buɗe baki sosai wajen furta wasalin kalma irin "about", abin da Amurkawa ke saurin gane su da shi. Dalilin yana cikin tarihi. Masu biyayya ga sarautar Ingila da suka baro Amurka bayan 1783 su ne suka kafa harsashin karin Ontario, lardin da Toronto take ciki, sannan layin dogo da aka kammala a 1885 ya kwashi zuriyarsu zuwa yamma, inda Vancouver take, kafin harshen ya samu lokacin rarrabuwa.

Wani zai ce talabijin ɗin Amurka ce ta daidaita bakunan. To, ai mutanen tsibirin Newfoundland ma suna kallonta, amma har yau idan masunci ya yi magana a ƙauyukan gaɓar tsibirin, sai ka ji amon Ireland da na kudu maso yammacin Ingila, inda kakanninsa suka fito ƙarnuka da suka wuce. Tsibirin bai shiga tarayyar Kanada ba sai 1949.