Rigar Sukari da Ciwon Daji: Me Ya Sa Maganin Yake da Wuyar Samu?

A darasin kimiyya na makon jiya wata 'yar ajinmu ta yi tambayar da ta sa kowa ya yi shiru. Gwaggonta ta rasu da ciwon daji bayan doguwar jinya a Kano. Ta ce: "Malam, tunda an san cutar, me ya hana a yi maganin da zai kashe ta ita kaɗai?" Mu 'yan ƙungiyar jarida muka bi malam har ofis, muka yi bincike, ga abin da muka samo.

Jikinmu an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Kusan kowace ƙwaya tana ƙera furotin. Kafin furotin da yawa su fita aiki, sai ƙwayar ta liƙa musu wasu sarƙoƙi na sukari, kamar an saka musu riga. Ba sukarin shayi ba ne, danginsa ne. Rigar ce take taimaka wa furotin ya naɗe daidai, ya kuma isa inda aka aike shi. Ko rukunin jini na A da B da O, bambancinsu irin sukarin da ke bayan jajayen ƙwayoyin jini ne.

Ƙwayar daji kuwa ƙwayar jikinmu ce da ta ƙi jin magana, tana ta rabuwa ba tsayawa. Saboda saurinta, tana ƙera furotin ba hutu. Tana kuma canza rigarta don sojojin jiki su ɗauka 'yar gida ce su wuce ta. Farfesa Carolyn Bertozzi ta Jami'ar Stanford a Amurka ta daɗe tana nazarin wannan riga, kuma tana cikin mutum uku da suka samu kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2022.

To, idan aka hana ƙwaya ɗinka rigar fa? Akwai wani sinadari, tunikamaisin, wanda masana a Japan suka samo daga wata ƙwayar bakteriya. Yana tare matakin farko na ɗinkin. Sai furotin su kasa naɗewa, su taru cunkus a cikin ƙwayar. Idan abin ya yi yawa, ƙwayar da kanta take kashe kanta. A ɗakin gwaji an ga yana hana ƙwayoyin daji iri-iri girma, domin furotin da ke karɓo musu saƙon "ku ƙaru" ba sa aiki sosai in babu riga.

Amma ga matsalar. Lafiyayyun ƙwayoyi ma suna buƙatar rigar. Mu 'ya'yan manoma mun san wannan. Idan ƙuduji ya kama gero a gonakinmu na Zakirai, saiwarsa a jikin saiwar geron take. Wanda ya zuba guba barkatai, har geron zai rasa. Haka tunikamaisin yake, yana cutar da hanta da ƙwaƙwalwa, shi ya sa ba a ba marasa lafiya shi. A Ostireliya wata guba 'yar uwarsa da ke samuwa a wata ciyawa tana kashe tumaki. Aikin da ke gaban masana shi ne su samo abin da zai taɓa rigar ƙwayar daji kaɗai.

Kafin nan akwai abin da ke hannunmu. Tun watan Oktoba na 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa kyauta, kuma Jihar Kano na cikin jihohin farko. Mu daina cin gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, domin gubarsu tana jawo dajin hanta. Wanda ya ji ƙullutu a jikinsa ya je asibiti da wuri, kada ya tsaya ga mai tallar magani a kasuwa da ke cewa kwalba ɗaya ta isa. Mu kai wannan saƙo gida ga iyayenmu.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, ƙaramar sakandare aji biyu.