Yadda Ake Naɗar Sigina Kamar Saƙon Murya

Yau zan yi bayani ne kan naɗar siginar rediyo a sake kunna ta.

Rediyon gidanku tasha ɗaya take kamawa a lokaci guda. Amma akwai na'urar da ake kira SDR, wadda za ta iya kwashe duk zangon FM, daga megahaz 88 zuwa 108, ta zuba a kwamfuta. Tana cin wuri fa, minti ɗaya kan haura gigabait 2.

To meye amfanin? A ce sabis yana yankewa tsakanin Jega da Maiyama. Injiniya zai je ya naɗo siginar wurin, ya kawo ta ɗakin gwaji a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, ya yi ta maimaitawa har ya gano inda matsalar take, ba sai ya koma hanya ba.

Gwamnatin Amurka ta zuba kuɗi a irin wannan bincike. Hukumar DARPA ta gina Colosseum, na'urar da ke kwaikwayon cunkoson sigina, yanzu tana Jami'ar Northeastern.

Akwai haɗari kuma: ɓarawo zai iya naɗar siginar rimot ɗin mota ya sake kunnawa. Shi ya sa rimot na zamani ke canza lamba duk dannawa.

Mu a nan, TETFund da NCC suna ba jami'o'i tallafin bincike. Ɗaliban injiniya na Aliero, ku tuntuɓi malamanku, ga batun furojet ya samu.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.