Rabin Aji a Ƙauye: Da Me Za a Auna?

A ƙauyukan Jigawa da Katsina, uban da ke son ɗansa ya shiga rabin aji ba shi da zaɓi mai yawa. Firamaren da ƙafar yaro za ta kai ba ta wuce biyu ko uku ba, duk na gwamnati, ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma ɗaya. A takarda ba su da bambanci. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta kafa hukumar UBEC, ta shigar da renon ƙananan yara cikin ilimin tushe. Manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 kuma ta ware shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya, ta ce malami ɗaya ga yara 25, a koyar da su cikin harshen gida ta hanyar wasa. Wanda ya leƙa azuzuwan kuwa ya san ba ɗaya suke ba.

Iyaye sukan fara duba gini: ina aka yi sabon fenti, ina aka kawo 'yan kujeru. A ganina tambayar farko ita ce wa hedimasta ya tura ajin. A wata makarantar, wanda ya rage bayan an gama rabon azuzuwa shi ake ba ƙananan: malamin da ya kusa ritaya, ko 'yar sa-kai. Wani lokacin ma babu kowa, sai a cusa su bayan 'yan aji ɗaya, su wuni suna amsa amon abin da ba su gane ba. A maƙwabciyarta, sai ka tarar da malama ta tara yara gindin darbejiya, ana ƙirga da duwatsu da karan dawa, ana tatsuniya, kowane yaro tana kiransa da sunansa. Wannan ajin ya fi ɗaki mai fenti da ake haddar haruffan Turanci da bulala, nesa ba kusa ba. Kwalejojin ilimi suna yaye masu NCE a fannin ilimin ƙananan yara, amma kai su ƙauye su zauna wani aiki ne daban.

Kuɗin ma ba su taka kara sun karya ba. Kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ake ba UBEC, kashi 5 cikin ɗari kawai na tallafin da take ba jihohi aka keɓe wa wannan mataki, kuma sai jiha ta zuba nata kafin ta karɓa. Shirin ciyar da ɗalibai na 2016 an tsara shi ne ga 'yan aji ɗaya zuwa uku, wato waɗanda suka fi kowa saurin jin yunwa ba sa cikin lissafi.

Sai batun nisa, da ruwan sha, da banɗaki. Yaro ɗan shekara biyar ba ya zuwa shi kaɗai, yayarsa yake bi; ranar da aka ɗora mata talla, shi ma ya zauna gida. Da damina rafi ya kawo, 'yan rugage da ƙananan unguwanni su ɗauke ƙafa. Saboda haka kwamitin iyaye da ke son sanin wace makaranta ce ta riƙe yaranta, ya nemi rajistar ajin, ya ƙirga sunayen da aka rubuta a Satumba, sannan ya koma a Yuli ya ƙirga yaran da ke zaune.