Tsohuwar Kwamfuta Da Akwatin Talabijin: A Duba Baya Kafin A Tafi Kasuwa

A makarantu da ofisoshi da yawa na ƙasar nan akwai tsofaffin kwamfutoci jibge a sito, ƙura ta rufe su. Waɗansu gilashinsu ne ya mutu, waɗansu kuwa lafiyarsu lau, sai dai fuskarsu ƙarama ce, ba ta isar aji mai yara hamsin. In an tambayi hedimasta sai ya ce ana jiran kuɗin majigi. To, a ganinmu jiran nan hasara ne, gama a galibin wuraren nan akwai akwatin talabijin, shi kuwa yana iya tsayawa a madadin majigi. Abu ɗaya muke so malamai da ma'aikata su riƙe: kada a sayi kome sai an duba kafofin da ke bayan na'urorin nan biyu.

Kafofin da ke fitar da hoto daga tsohuwar kwamfuta galibi uku ne. Akwai shuɗiya mai ramuka 15 a jeri uku, ana ce da ita VGA, kamfanin IBM ya fito da ita a 1987. Hoto kaɗai take ɗauka, ba ta ɗaukar murya. Akwai fara wadda ta fi ta faɗi, sunanta DVI, ta fito a 1999. Sa'an nan akwai 'yar siririya, HDMI, wadda aka tsara a ƙarshen 2002, ita ce ke ɗaukar hoto da murya a waya guda. VGA tana aika hoto da ƙarfin lantarki mai hawa da sauka, HDMI kuwa da lambobi take aikawa. Watau harshensu ba ɗaya ba ne, kuma duk inda harshe ya bambanta dole a nemi tafinta.

In an yi sa'a akwai shuɗiyar kafa a kwamfuta da talabijin duka, aiki ya yi sauƙi. Talabijin shafaffu na farko-farko da yawa suna da ita, an rubuta PC ko RGB a gefenta. Sai a sayi waya mai allurai 15 a kowane kai, da 'yar siririyar wayar murya mai kai milimita 3.5, a soka ta inda ake soka abin sauraro na kunne, ɗaya kan kuma a ramin da ke kusa da shuɗiyar kafar talabijin. Haka nan in kwamfuta tana da DVI, talabijin yana da HDMI, waya kawai ta isa, domin harshensu ɗaya ne, amma fa galibi sai an nema wa murya hanyarta dabam.

Inda kuɗi ke salwanta shi ne in kwamfuta VGA kaɗai gare ta, talabijin kuwa HDMI. Nan waya zalla ba ta aiki, sai ɗan akwatin tafinta, wanda ke karɓar hoto da murya ya juya su lambobi. Yakan sha wuta daga kafar USB ta kwamfutar. A lura ƙwarai: tafintan nan fuska guda yake fassara. Mai juya VGA zuwa HDMI dabam yake da mai juya HDMI zuwa VGA, ko da shi ke a ido kamarsu ɗaya, na biyun kuwa ya fi yawa a kasuwa. Wanda ya ɗauko shi bisa kuskure ba abin da zai gani sai baƙin gilashi.

Saura tsohon akwati mai ƙaton baya, wanda ramuka uku gare shi: rawaya na hoto, fari da ja na murya. Shi ma yana da nasa tafinta. A jikinsa akwai ɗan makunni mai rubutu PAL da NTSC, sai a tura shi kan PAL, gama shi ne tsarin Nijeriya, ɗayan na Amurka ne. Ana sayar da wata waya mai shuɗin kai a gefe guda da rawaya a ɗaya gefen, ba akwati a tsakani. A guje ta, galibin kwamfutoci ba sa aiki da ita. Kuma kada a sa rai da yawa: layukan hoto 576 ne kaɗai ke bayyana a tsarin PAL, saboda haka ƙananan haruffa sukan dusashe. Hotuna da fina-finan koyarwa suna fita sarai, rubutu kuwa sai an ƙara masa girma. Da babu gara ba daɗi.

Bayan an haɗa, sai a kunna talabijin, a danna Input ko Source a jikin rimot, a zaɓi kafar da aka soka wayar. In kwamfutar tana da Windows 7, wanda ya fito a 2009, ko na bayansa, a danna maɓallin Windows tare da harafin P, a zaɓi hoto ya fito a wuri biyu. In hoton ya miƙe ko gefensa ya yanke, a gyara awonsa: shafaffun talabijin galibi 1366 da 768 suke so, ko 1920 da 1080, tsohon akwati kuwa 800 da 600 sun ishe shi.

Ga mai zuwa kasuwa muna da gargaɗi uku. Ya tafi da kwamfutar in mai ɗaukuwa ce, ko ya ɗauki hoton kafofin da wayarsa, a gwada a gabansa, ya karɓi rasit. Kada ya sayi waya mai tsawon da ya wuce bukata, domin doguwar waya mai araha tana raunana hoto. Sa'an nan ya duba bayan kayan da aka shigo da su daga Amurka, gama wutar can bolt 120 ce, tamu kuwa 230, in ba a lura ba sai na'ura ta ƙone.

Muna roƙon kolejojin horon malamai su koya wa ɗalibansu wannan ɗan aiki kafin su fita. Malamin da ya iya shi zai nuna wa ajinsa taswirar Kogin Kwara, ko yadda jini ke zagaya jiki, da kayan da makaranta ta riga ta mallaka, kuɗin majigi kuwa a sayi littattafai da benci. Allah ya sa mu dace.