KAFIN KI SAUYA HANYA, DUBI BIZARKI

 Yau zancenmu na tafiya ne. A da, in mace ta ce za ta yi tafiya, ba ta wuce biki a Zariya ko suna a Katsina ba, in ta yi nisa ƙwarai kuwa aikin Hajji. Yanzu ga masu saro kaya a Dubai da Alƙahira da ƙasar Sin, ga masu zuwa Umra, ga iyaye masu bin 'ya'yansu wankan jego har Turai, ga kuma 'yan mata masu zuwa karatu. Sau da yawa tafiyar ba ƙasa guda ba ce, a sauka nan, a leƙa can, sa'an nan a juyo gida. To, a irin wannan tafiya ce ɗan ƙaramin rubutu a jikin fasfo yakan jawo wa mutum hasara da ɓacin rai.

Kwanan baya na je yi wa wata gwaggona sannu da zuwa. 'Yarta da ke aure a Jamus ce ta yi haihuwar fari, da yake kuma ba halin a kawo ta gida wanka, sai uwar ta bi ta. Na tarar da ita ba walwala, na ce, "Gwaggo, lafiya kuwa? Ina tsarabarmu?"

Ta ce, "Ke dai bari, 'yar nan. Tsarabarku tana can Jamus, ni kaɗai na dawo da 'yar jakata."

Ga yadda abin ya faru. An ba ta bizar kwana 45, ta sauka kashegarin suna. Da ta yi mako uku, sai ɗanta da ke Manchesta a Ingila ya ce, "Umma, kin zo kusa, ki leƙo mu ko da mako guda ne." Tana da bizar Ingila da ba ta ƙare ba, saboda haka ba wanda ya ga wata matsala. Ta bar akwatunanta wurin mai jego, da niyyar ta komo a yi arba'in da ita, sa'an nan ta hau jirginta na gida daga Farankfot. Ranar komawa, ma'aikaciyar jirgi ta duba fasfo, ta girgiza kai, ta ce ba za ta hau ba. Gwaggo ta ce ai da sauran kwana ashirin da wani abu a bizarta. Aka nuna wa ɗanta wani ɗan gurbi da aka rubuta 01 a ciki. Watau shiga ɗaya aka yarje mata, ta kuwa riga ta shiga, ta fita.

Ƙarshenta dai sai sabon tikiti aka saya mata daga Landan zuwa Abuja. Na Farankfot ya bi ruwa, arba'in aka yi ba ita, kayanta kuma har yau ana neman wanda zai taho da su. Gani ga wane, ai ya ishi wane tsoron Allah.

Abubuwa uku a jikin biza

Yawancinmu da an miƙo fasfo, muka ga an manna takarda mai hotonmu, sai murna, a kai a adana a ƙasan akwati. Alhali kuwa akwai abubuwa uku da ya kamata a karanta tun ba a bar wurin ba.

Na farko, kwanan wata: ranar da bizar ta fara aiki da ranar da za ta mutu. Na biyu, yawan kwanakin da aka yarda ki zauna. Waɗannan biyun ba abu ɗaya ba ne. Ana iya ba ki biza mai rai daga 1 ga Maris zuwa 14 ga Afrilu, amma a rubuta kwana 30 kawai za ki yi. In kin cika 30 ɗin, sai fita, ko da ranar mutuwar bizar ba ta zo ba. A lissafin Turai kuma, ranar da kika sauka kwana ce, ranar da kika tashi ma kwana ce.

Na uku shi ne wanda ya kama gwaggona, watau sau nawa za ki shiga. A bizar Turai za ki ga an rubuta 01, ko 02, ko kuwa MULT. Ta farko shiga ɗaya, ta biyu shiga biyu, ta ukun kuwa ki shiga ki fita iyakar son ranki muddin bizar na da rai, amma kada zamanki ya haura kwana 90 cikin kowane kwana 180. Mai shiga ɗaya, da kin sa ƙafa waje ta gama aiki, ko kwana biyu kika yi a ciki.

Turai ba gari guda ba ce

Mu nan mun saba da sauƙi. Tun yarjejeniyar da ƙasashen ECOWAS suka sa wa hannu a Dakar a 1979, 'yar Nijeriya takan je Kwatano ko Lome ko Akara ta yi har kwana 90 ba biza. Wannan sabo ne ya sa wasunmu ke zaton duk ƙasashen da ke maƙwabtaka haka suke.

A Turai akwai abin da ake kira yankin Shengen. Sunan wani ƙauye ne a Luksambag, inda ƙasashe 5 suka ƙulla yarjejeniya a 1985 cewa za su ɗauke shingen da ke tsakaninsu, aka kuma fara aiki da ita a 1995. Zuwa 2025 ƙasashen sun kai 29, cikinsu har da Jamus, Faransa, Italiya, Holan, Beljiyam da Suwizalan. Ki ɗauke su kamar babban gida mai sassa da yawa amma zaure ɗaya. In kin shiga ta zauren, kina iya zagaya sassan duka da biza guda. Daga Jamus zuwa Faransa ba fita ba ce. Amma Ingila ba ta cikin gidan, Ayalan ba ta ciki, Turkiyya ma haka. Duk wadda ta leƙa ɗaya daga cikinsu ta fita zaure ke nan.

Sai kuma batun ofishin jakadancin da za a nemi bizar. Ƙa'ida ita ce ki nema wurin ƙasar da ita ce ainihin dalilin tafiyarki, ko wadda za ki fi daɗewa a cikinta. In kwanakin sun zo daidai, sai ƙasar da za ki fara sauka. Wasu ejan-ejan sukan ce, "Hajiya, bari mu nema miki ta ƙasa kaza, sun fi saurin bayarwa, in kin samu sai ki wuce inda kike so." Hattara dai. Biza ba ta tilasta wa jami'in shige da fice ya buɗe miki ƙofa. Yana da ikon ya tambaye ki masauki, da tikitin komawa, da kuɗin guzuri, in ya ga bakinki da takardunki sun saɓa, ya mai da ke, har ma a soke bizar. Ba wai an hana sauya shiri ba ne sam. In uzuri na gaskiya ya sa kika sauya, ki riƙe shaidarsa a hannu, kamar takardar sabon masauki ko wasiƙar wanda ya gayyace ki.

Wata za ta ce, to me ya hana gwaggo ta nemi sabuwar biza a can Ingila? Dalili shi ne, bisa ƙa'ida mutum yana nema ne a ƙasar da yake zaune, ba inda ya je baƙunci ba. Ga shi kuma duba takardun yakan ɗauki kwana 15, wani lokaci fiye. Da tun a gida ta faɗi cewa za ta leƙa Ingila ta komo, ta nuna tikitin, ta roƙi shiga biyu, kuɗin dai ɗaya ne: Yuro 90 ga babba tun daga watan Yuni na 2024.

Yada zango ma da dokarsa

Akwai masu cewa, "Ai ni ba shiga garin zan yi ba, jirgi kawai zan sauya." To, ko wannan ma ba a ko'ina yake kyauta ba. Mai fasfon Nijeriya ko na Gana tana bukatar bizar yada zango kafin ta sauya jirgi a filayen jiragen Shengen, ko da ba za ta fita daga filin ba, sai fa in tana da wata takarda da ta ɗauke mata, kamar bizar Shengen ɗin mai rai, ko ta Amurka, ko Kanada, ko Japan. Ingila ma tana da irin tata dokar a kan 'yan Nijeriya. In kuma jirgin zai sauka sau biyu a cikin Shengen, misali Faris sa'an nan Farankfot, to bizar yada zango ba ta isa ba, sai cikakkiya, domin tsakanin biranen nan biyu tafiyar cikin gida ce.

Masu Umra da masu saro kaya, ku ma ga naku. Sau da yawa don neman rahusa akan sayi tikiti biyu dabam-dabam, ɗaya zuwa wani gari, ɗaya daga can zuwa Jidda ko Gwanju. In tikitin ba a haɗe yake ba, mai yiwuwa ne sai kin fita kin karɓi kayanki kin sāke aunawa, fitar nan kuwa shiga ƙasa ce, tana iya bukatar biza. Tambayi ejan ɗinki ƙarara: "Kayana za su wuce kai tsaye, ko sai na karɓa a hanya?" Haka nan in kika tsallake zango ɗaya na tikitinki ba ki hau ba, yawancin kamfanoni sukan soke sauran zangunan duka, har da na komowa gida.

Kada kuma ki ga laifin ma'aikaciyar da ta hana ki hawa. Kamfanin da ya kai fasinja ba cikakkun takardu tara ake cinsa, a kuma sa shi ya komo da ita. Roƙo da "ki dube ni, na haife ki" ba sa aiki a wurin.

Dokar bara ba ta bana ba ce

Wani abin da ke ruɗinmu shi ne, "Ai Hajiya wance ta bi ta nan bara, ba abin da aka ce mata." Dokokin biza sun fi farashin atamfa saurin sauyawa. A watan Oktoba na 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda Dubai take, ta daina ba 'yan Nijeriya biza, ba a komo bayarwa ba sai a Yulin 2024. A Yulin 2025 Amurka ta mai da yawancin bizar ziyara ta 'yan Nijeriya shiga ɗaya mai wata 3, alhali kafin nan ta shekara 5 take bayarwa, a ƙarshen shekarar kuma ta ƙara tsanantawa. A watan Oktoba na 2025 ƙasashen Shengen suka fara ɗaukar hoton fuska da zanen yatsun baƙi a kwamfuta, wadda ke ƙirga kwanakin kowa. Wadda ta zarce ko da kwana ɗaya, yana nan a rubuce ranar da za ta sāke nema.

In kuwa rashin lafiya ko wani abin da ya fi ƙarfinki ya tsare ki a Turai, kada ki yi shiru kina jiran tsammani. A kai ki ofishin kula da baƙi na garin tun bizar ba ta mutu ba, da takardar likita a hannu. Doka ta yarda a ƙara wa mai irin wannan uzuri kwanaki.

Kafin a ɗaure kaya

Ki zauna da maigida, ko da wanda zai karɓe ki a can, ku rubuta hanyar duka a takarda, ƙasa bayan ƙasa, har da inda jirgi zai tsaya shan mai ko sauyi. A gaban kowace ƙasa ku amsa tambaya biyu: da wace takarda zan shiga, sau nawa kuma zan shiga? In akwai ko da ƙyallin zaton za ki fita ki komo, faɗi tun wurin nema.

Dubi fasfo ɗin kansa. Ƙasashen Shengen suna son ya rage aƙalla wata 3 bayan ranar fitarki, da shafi 2 da ba a buga kome ba, da inshorar lafiya ta Yuro 30,000. Saudiyya da Dubai wata 6 suke nema. Wadda ta sauya suna bayan aure ta tabbata sunan da ke tikiti shi ne na fasfo, harafi da harafi. Mai tafiya da yara ta san kowane yaro da nasa fasfo da tasa biza, sau da yawa kuma akan nemi takardar yardar uba. Katin allurar shawara ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, saboda haka ba ranar jajiberen tafiya ake nemansa ba.

Ku kuma 'yan makaranta, ga inda karatunku zai yi rana. Iyayenmu da yawa ba su yi boko ba, wasu kuma idon ya yi rauni. In an kawo fasfon Umma ko na Inna, karɓi ki karanta mata abubuwan nan uku a hankali, ki rubuta mata su da Hausa ko da ajami a 'yar takarda ta sa a jaka. Gobe in ke ce za ki tafi karatu, kin riga kin san kan abin.

Da zan tashi, gwaggona ta raka ni har zaure, ta ce, "'Yar nan, gaya wa mata. Ni da na san lambar nan guda biyu ita ce ƙofar, ko Sarkin Ingila ne ya kira ni, sai na ga arba'in ɗin jikana tukuna." To, ga shi na gaya muku. Matambayi dai ba ya ɓata. Allah ya kai kowa lafiya, ya komo da ita lafiya. Sai mun sāke saduwa.