Yadda Feshin Sauro Ya Rage wa Kamfanin Zinariya Asara

A shekarar 2005, asibitin kamfanin haƙar zinariya na AngloGold Ashanti da ke Obuasi a ƙasar Gana yana karɓar masu zazzaɓin cizon sauro kusan 6,800 a kowane wata. Kuɗin magani daga aljihun kamfanin yake fita. Ga kuma asarar da ba ta fitowa a takardar asibiti: mahaƙi na kwance yana rawar ɗari, ko yana gida yana jinyar ɗansa, aikinsa na jira. Kwanakin aiki kusan 7,000 ke salwanta duk wata.

A 2006 kamfanin ya daina jiran marasa lafiya a ƙofar asibiti, ya bi sauro har makwancinsa. Aka horar da ’yan gari, suka shiga gida-gida suna feshin magani a bangon ɗakuna, aka raba gidan sauro, aka tsananta gwajin jini kafin ba da magani. Abin yabawa a nan shi ne ba a tsaya ga gidajen ma'aikata ba, garin aka bi baki ɗaya, tunda sauro ba ya tambayar katin aiki kafin ya yi cizo. Cikin ’yan shekaru masu zuwa asibiti da zazzaɓi suka ragu da fiye da kashi 70 cikin 100. Zuwa 2009, kwanakin aikin da ake asara a wata ba su kai 300 ba.

Sai dai ba kowane shirin rigakafi ke mayar da kuɗinsa ba. A Amurka, inda kamfanoni ke biya wa ma'aikata inshorar lafiya, cibiyar bincike ta RAND ta bi diddigin shirin lafiyar ma'aikata na kamfanin PepsiCo na tsawon shekara 7, ta fitar da sakamako a 2014. Ɓangaren da ke kula da masu ciwon suga, hawan jini da makamantansu, don kada ciwon ya kai su gadon asibiti, ya dawo da dala 3.78 a kan kowace dala. Ɓangaren nasiha kan abinci da motsa jiki ga masu lafiya kuwa ko rabin dala bai cika ba.

Obuasi ta dace ne domin ta tunkari ainihin cutar da ke kwantar da mutanenta. Ganin haka, asusun Global Fund ya ba da tallafin faɗaɗa feshin zuwa wasu gundumomin Gana, har da na arewacin ƙasar.