Idan Mota ko Babur ya Buge Mai Keke: Yadda Ake Neman Diyya

A ƙauyukanmu na Dambatta, Bichi da Makoɗa, da keke ake zuwa gona, da shi yara ke kai ƙullun niƙa. Ranar kasuwa kuwa titi ya cika da motoci. In tsautsayi ya faɗa wa maigida ko yaro, sau da yawa sai a ce ƙaddara ce, a yafe, sannan uwargida ta sayar da akuyarta ko ta cinye jarinta a kuɗin magani. 'Yan uwa, yarda da ƙaddara bai hana neman haƙƙi ba. Shari'ar Musulunci ta tanadi diyyar rauni, dokar ƙasa ma haka.

Da farko a kai shi asibiti, ko da daga baya za a je wajen mai ɗori. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai neman taimakon gaggawa. A nemi rahoton likita, a adana kowane rasit, har na hoton ƙashi.

A rubuta lambar motar da sunayen waɗanda suka gani da idonsu. A kai rahoto ofishin 'yan sanda, ko a kira jami'an kiyaye haɗurra a 122.

Doka ta wajabta wa kowace mota da babur inshorar da ke biyan wanda aka ji wa rauni. Ku tambayi takardarta. In babu, nauyin yana kan direba da mai motar.

In za a yi sulhu gaban mai unguwa ko dagaci, madalla, amma a rubuta, shaidu su sa hannu. A lissafa magani, gyaran keke, da kwanakin da ya yi bai fita nema ba. Kada ku dangwala yatsa a takardar yafewa alhali ba a san ƙarshen jinyar ba.

In sulhu ya ƙi, sai kotu. Hukumar Legal Aid Council tana da ofis a Kano, tana ba marasa ƙarfi lauya kyauta, har a ƙarar haɗari. Kada a yi jinkiri: in motar gwamnati ce, wa'adin shigar da ƙara na iya zama wata 3 kacal.

A ƙungiya, asusun taimakon juna zai iya ɗaukar kuɗin mota da na rahoton likita. A zaɓi mace biyu su raka 'yar uwarmu, kada ta je ita kaɗai.